Auna Koyarwar Malamai a Ɗakin Haƙori: Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi

Duk shekara idan babban hutu ya zo, ɗaliban likitancin haƙori ƴan asalin Maradi sukan dawo gida daga inda suke karatu: wasu daga Dakar, wasu Bamako, wasu Kano, wasu har Maroko. Da yawansu ba sa zaman gida, sukan nemi wurin yin istaj, wato koyon aiki a asibiti, don kada hannu ya yi sanyi. Ina cikin likitocin haƙorin da ke karɓarsu. Idan an tashi aiki an ɗora shayi, hira ba ta wuce ta malamansu: wane ya iya koyarwa, wane ba a ganinsa sai ranar jarrabawa, wance hannunta kamar an zana amma ba ta buɗe baki. Kusan kowa kuma akwai takardar da makarantarsa ke miƙa masa a ƙarshen zango ya ba malamai maki, bai san yadda zai yi da ita ba. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da amsar da nakan bayar.

Mece ce koyarwar gaban kujera, me ya raba ta da darasin aji?

A aji ku biyu ne, malam da ɗalibi. A ɗakin haƙori akwai na uku, yana kishingiɗe bakinsa a buɗe, yana jin duk abin da kuke faɗa, kuma haƙorin da ake koyo a kansa nasa ne. Kuskuren takarda ana goge shi. Idan kuwa inji ya ci jikin haƙori fiye da kima, ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Shi ya sa za ka ga malamin da ya gwanance a gaban allo amma ya kasa a bayan kafaɗar ɗalibi, ka kuma ga wanda darasinsa ke sa barci amma a gaban kujera ba kamarsa.

A 1990 wani malamin likitanci na Amurka, George Miller, ya jera matakan ƙwarewa huɗu: ka sani, ka san yadda ake yi, ka nuna a gaban mai duba ka, sannan ka yi da kanka a bakin aiki. Aji yana kai ka mataki na biyu. Kan roban nan da ake koyon fiƙe haƙori a jikinsa, wanda masu karatu da Faransanci ke kira fantom, yana kai ka na uku. Na huɗu sai da mai ciwo na gaske da malami a kusa, kuma shi ne ake so ka auna.

Ɗalibi ma yana da bakin auna malaminsa? Ba rashin kunya ba ne?

Tun daga makarantar allo muka taso da cewa ba a ɗaga wa malami murya, ba a ƙirga laifin babba a gaban jama'a, kuma ban ga dalilin zubar da wannan tarbiyya ba. Amma takardar ba ta tambaye ka ko malam ya san aikinsa ba. Wannan yana hannun masu ba shi muƙami. A ƙasashenmu masu Faransanci akwai CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke tantance malaman jami'a kafin su hau matsayi. Abin da ake nema a wurinka shi ne abin da ba wanda ya gani sai kai: da ka kira shi ya zo? Ya duba aikinka kafin mai ciwo ya tashi? Ya gaya maka inda ka kauce? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan kunya ta sa ka yi shiru, masu ji a jikinsu su ne ƙanenka da zai shigo ajin baɗi, da tsohuwar da zai yi wa allura ba a taɓa nuna masa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

To, me zan duba takamaimai?

Ka ajiye batun ko kana son sa ko ba ka son sa, ka tuno ranar aiki guda daga farko har ƙarshe. Kafin ka taɓa mai ciwo, malam ya tambaye ka me ka gani, me kake shirin yi, kuma don me? Ko kuwa leƙa bakin ya yi ya faɗi lambar haƙori, "cire 46", ya wuce? Na farko yana koya maka tunanin likita, na biyu ya mai da kai ɗan aike. Lokacin da kake aiki, yana inda za ka same shi, ko sai ka bar mutum da baki buɗe kana bin ofis-ofis da cigiya? Da ka gama, ya sa madubi da tsinke ya duba cikon da ka yi, ko hannu kawai ya sa a takarda bai ko kalli bakin ba?

Sai nuni. Akwai hanyar da wani likitan tiyata, Rodney Peyton, ya tsara a 1998 mai matakai huɗu: malam ya yi aikin da saurinsa bai ce uffan ba, ya sake yi a hankali yana bayani, ɗalibi ya riƙa faɗa malam yana yi, sannan ɗalibi ya yi da hannunsa. Ba kowane malami ya taɓa jin sunanta ba, amma duk wanda ya iya koyarwa za ka tarar yana yin wani abu mai kama da ita, yadda tela ko maƙeri ke yi da yaronsa. Ɗauki allurar da ake yi a can bayan muƙamuƙin ƙasa don kashe jijiyar gefe guda, wadda muke kira tironkiler. Idan ba wanda ya taɓa kama yatsanka ya ɗora shi a gefen ƙashin ya ce "ji nan, daga nan za ka auna," to ba a koya maka ita ba, ko da ka haddace shafin duka.

Na uku shi ne gyara. "Bai yi ba, sake" bai ƙara maka komai ba. Amma idan aka ce "gefen cikon nan ya yi tudu, sa tsinke ka ji yadda yake kamawa, nan abinci zai riƙa maƙalewa," gobe ka san abin da za ka canza.

Malaminmu yana karɓe kaya daga hannuna da zarar na ɗan tsaya. In rage masa maki?

Ya danganta da abin da ya biyo baya. Ba na manta ranar da na fara karya haƙori, ina ɗalibi, na zo istaj a gida kamar ku. Wani dattijo ne, turmin ƙasa ya ruɓe har ya kusa dasashi. Na kama da dabiye, ƙarfen cire haƙori, na yi gaggawa, sai na ji ƙas! Kan haƙorin ya taho a hannuna, saiwoyi biyu suka zauna daram. Gumi ya karyo mini. Likitar da ke duba mu ta zo ta tsaya, ta dubi dattijon ta ce, "Baba, yi haƙuri, haƙorin ya rabu, saura saiwa, yanzu za mu fitar." Ta raba saiwoyin, ta fitar da ɗaya ina kallo, sannan ta miƙo mini ƙarfen ɗagawa ta ce, "Ta biyun taka ce. Sa shi nan, juya a hankali, kada ka danna." Minti goma na yi a kan abin da za ta gama a minti ɗaya, tana tsaye hannunta kusa da nawa. Sai da dattijon ya fita ta rufe ƙofa, ta wanke ni tas a kan rashin duba hoto kafin in fara.

Na kuma yi aiki da wani, a wani wurin, wanda da ya ga ka yi jinkiri sai ya ture ka da kafaɗa, ya gama, ya cire safar hannu ya fice. Dukansu sun karɓi aiki daga hannun ɗalibi, dukansu kuma suna da hujja, don lafiyar mai ciwo tana gaba da karatunka. Amma ita ta mayar mini da aikin, shi kuwa ya tafi da shi. Abin da za ka duba ke nan: kayan sun dawo hannunka? An yi maka bayani daga baya? Idan zango ya ƙare ba ka taɓa kai aiki ɗaya ƙarshe da hannunka ba, rubuta hakan da adadi, yadda zan kwatanta nan gaba a amsar tambaya kan filin rubutu na ƙasan takarda.

Malam mai fara'a da malam mai faɗa, wa ya cancanci maki mai yawa?

Nan ne ɗalibai suka fi zamewa, kuma ba mu kaɗai ba. A wani bincike da aka buga a 1973, masu bincike a Amurka sun ɗauko wani ɗan wasan kwaikwayo, suka gabatar da shi da sunan Dokta Fox, ya yi wa taron likitoci da malamai lacca wadda aka shirya ta da gangan ba ta da ma'ana, sai barkwanci da iya tsayuwa. Suka yaba masa ƙwarai. A 2018 a jami'ar Munsta ta Jamus an raba wa wasu rukunonin ɗaliban likitanci biskit mai cakulan lokacin darasi, wasu ba a ba su ba. Waɗanda suka ci sun ba malamai maki mafi yawa. A 2017 kuma wani nazari da ya tattara bincike da dama ya nuna makin da ɗalibai ke ba malami ba shi da wata alaƙar kirki da yawan abin da suka koya. Don haka kafin ka ba malam cikakken maki, tambayi kanka: me hannuna ya iya yau wanda bai iya ba kafin in zo wurinsa?

Kada masu zafin rai su ɗauki wannan a matsayin hujja. Ɗalibin da ke tsoron tambaya zai ɓoye kuskure, kuskuren da aka ɓoye kuwa a bakin mutum yake kwana. Faɗa a bayan ƙofa, a kan abin da za a iya gyarawa, ana ɗauka, har a gode daga baya. Amma "kai wa ya kawo ka nan?" a gaban mai ciwo ɓarna biyu ce: ɗalibi ya rikice, mai ciwon kuma ba zai ƙara yarda ɗalibi ya taɓa shi ba.

Takardun tambayoyin nan daga ina suke, kuma yaya ake karanta su?

Makarantu da yawa nasu suke tsarawa, amma akwai sanannu da ake aro. DREEM ta fito daga jami'ar Dandi ta Sikotilan a 1997, tana da jimloli 50, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 4, jimilla 200. Tana auna yanayin makaranta gaba ɗaya. DECLEI an tsara ta a Atina ta Girka musamman don ɗakin haƙori, da jimloli 24. Akwai kuma MCTQ ta jami'ar Mastirit ta Holan, wadda ke duba malami ɗaya: ya nuna, ya bi ka da gyara, ya sa ka faɗi dalilinka, ya bar ka ka yi tambaya ba tsoro.

Abu biyu nake gargaɗi a kansu. A cikin jimlolin DREEM akwai 9 da aka rubuta a juye, irin su cewa malamai suna yi wa ɗalibai ba'a. Wanda ya bi layi yana danna "na yarda" daga sama har ƙasa ya faɗi akasin abin da yake nufi. Ga shi an rubuta su da Ingilishi, an juya zuwa Faransanci, kai kuma da Hausa kake tunani, sai ka karanta sau biyu. Na biyu, akwatin tsakiya, na "ba ni da tabbas", shi ne maɓoyar mai jin kunya. Idan ka cika takarda da shi, daidai yake da ba ka cike ba.

Ɗaliban ƙasashen da ke da kayan aiki, su me suke kuka da shi?

Abin zai ba ka mamaki. A 2006 an buga wani bincike da ya tambayi ɗalibai 655 a makarantun haƙori 21 na Arewacin Amurka. Galibi sun yaba karatunsu, amma kukansu ya taru a wuri huɗu: malamai ba su isa ba ko ba a samunsu lokacin da ake buƙata, gyaran da ake yi musu ya saɓa daga malami zuwa malami, wani lokaci da wulaƙanci, aikin takardu da bin diddigin masu ciwo yana cinye lokacin koyo, sannan neman cika adadin ayyukan da ake buƙata yana tura wasu ga abin da su kansu ba su ga dacewarsa ba. Duk ɗalibin Dakar ko Kano da na karanta wa wannan sai ya yi dariya ya ce kamar a ajinsu aka yi. Kujera mai tsada ba ta magance ko ɗaya daga ciki ba.

Kujera ɗaya ce, wuta na ɗaukewa, kayan ciko sun ƙare. In ɗora wa malam?

A'a. Raba su gida biyu, ka rubuta rashin kaya a wurin da aka tanada don wurin aiki, don shi ma ana bukatar a ji. Malam bai sayi kwampiresa, injin iskar kujera, ba, ba shi ya ɗauke wuta ba. Abin da ke wuyansa shi ne me ya yi da ku a ranar da kaya suka tsaya. Wani zai ce ku tafi gida. Wani zai ɗauko hotunan haƙora ya ɗaga su a taga ya ce ku karanta, ko ya sa ku duba bakin juna kuna rubutawa, ko ya fito da haƙoran da aka cire aka tsaftace ku koyi siffar saiwa.

Akwai ma abin da sai a irin wurinmu ake koyonsa da kyau. Hanyar ciko ta ART an fara ta a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980: ana kwashe ruɓaɓɓen wurin da ƙarfen hannu, a cike da siminti na musamman, ba inji ba wuta. Likitan da za a tura Dakoro ko Mayahi dole ya iya ta. Haka nan malamin da ya gaya maka cewa a zafin Afrilu garin ɗaukar awon baki yana daskarewa kafin ka kai shi baki, sai an kwaɓa da ruwan sanyi, ya ba ka abin da za ka daɗe kana amfani da shi. Irin wannan ya cancanci a ambace shi a takarda.

Yawan haƙoran da na cire ko na cike ba shi ne ma'auni ba?

Hannu ba ya ƙwarewa sai da maimaici, don haka adadi yana da muhimmanci, kuma wanda ya gama zango da cire haƙori biyu kacal yana da abin faɗa. Sai dai ana iya maimaita kuskure ɗaya sau 40 idan ba mai dubawa. Haƙori 10 da aka tsaya a kanka sun fi 40 da ka yi kai kaɗai.

Haɗarin adadi ya fi haka. Mutum ya taso daga ƙauye, ya biya kuɗin mota, ciwo ya hana shi barci kwana uku, da kansa yake cewa "Dokta, cire shi in huta." Kai kuma saura maka cirewa uku ka cika littafi. Haƙorin ana iya ceto shi. Malamin da ya tsayar da kai a nan, ya sa ka yi wa mutumin bayanin hanya biyun ya zaɓa, ya rage maka adadi, kuma watakila ka ji haushinsa a ranar. Kada ka huce haushin a takarda.

Malamai biyu sun ba ni umarni daban a kan haƙori ɗaya. Wa ya yi kuskure?

Wani lokaci ba kowa. Wanda ya yi karatu a Dakar da wanda ya yi a Kano ko Aljeriya suna iya bin hanya biyu, kowace ta kai. Abin dubawa shi ne ko kowannensu ya faɗi dalilinsa da ka tambaya. Inda abin ya zama laifi shi ne wane ya amince da aikinka da safe, wane ya ce a warware da rana, a rage maka maki, mai ciwo ya sake dawowa. Wannan matsalar sashe ce, ka rubuta ta haka: a zauna a yarda da ma'auni ɗaya a rubuce.

Batun tsafta yana cikin abin da zan auna?

Yana ciki, kuma a nan ba sassauci. Ɗalibi ba ya yin abin da aka faɗa masa, abin da ya ga ana yi yake ɗauka. Malam yana canza safar hannu tsakanin mutum da mutum? Yana ɗaga waya da safar a hannunsa ya koma baki? An nuna maka yadda ake wanke kaya kafin a sa su a otokilab, tukunyar dafa kaya da tururi, da dalilin da ya sa ake kai shi digiri 134 na minti 18? An tambaye ka ko ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, kafin a ba ka allura a hannu? An gaya maka wurin wa za ka je idan allura ta soke ka, da cewa maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi cikin sa'o'in farko, ba ya wuce sa'a 72?

Haka tambayar mai ciwo kafin a fara: hawan jini, ciwon suga, sikila, ciki, maganin da yake sha. Idan ka ga ana tsallake waɗannan, kada ka jira takardar ƙarshen zango. Duba amsar da ke kan abin da ya wuce batun maki.

Ta yaya zan san ko karatun da ake ba ni zai yi mini amfani idan na dawo Maradi?

Gwada shi da abin da ke shigowa ƙofarmu. Mutanenmu ba sa zuwa da wuri. Sai an sa kanumfari, an sha maganin kasuwa, an je wurin wanzami, fuska ta kumbura, sannan a zo. An koya maka rarrabe kumburin da za ka iya da shi a kujera da wanda ya sauka ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta yi wuya, wanda dole a kwantar da mai shi a ranar? An koya maka gane launin da sinadarin fuloraid na cikin ruwan sha ke bari a haƙori, ka raba shi da na goro? Nan kusa da mu, a Tibiri, ruwan sha mai fuloraid da ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na miligiram 1.5 a lita ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu ɗimbin yawa tun daga shekarun 1980. Waɗannan yaran yanzu manya ne, suna zuwa.

Sai cutar noma, wadda sunanta ya yi kama da na aikin gona amma ba abin da ya haɗa su. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda. Tana farawa da gyambon dasashi da warin baki, cikin ƴan kwanaki ta ci kumatu. Idan an kama ta da wuri, maganin ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci suna tsayar da ita. Idan an bar ta, tana iya kashe 9 cikin 10. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Akwai cibiyar kula da masu ita a Damagaram, akwai asibitinta a Sakkwato tun 1999. Ɗan Maradi da zai gama karatu bai san matakinta na farko ba, yana da abin rubutawa a takarda.

Ga kuma harshe. Za ka iya yi wa uwa bayani da Hausa cewa turmin da ya fito wa ɗanta yana shekara 6 ba na famfara ba ne, idan ya tafi ba wani mai zuwa? Na ji wata ɗaliba ta ce, "Inna, wannan shi ne na zama, sauran ne baƙi," uwar ta gane nan take. Malamin da ya saurari yadda kake magana da mai ciwo ya gyara maka, shi ma koyarwa ya yi.

Me zan rubuta a wurin da aka bari fili a ƙasan takarda?

Wannan filin ya fi duk akwatunan amfani, shi ne kuma aka fi bari ba komai. Rubuta abin da ya faru, sau nawa, da abin da kake so a yi. "Malam ba shi da kirki" ba wanda zai iya aiki da shi, kuma an ga hali ka taɓa. Amma "a cikin ranakun aiki 12, sau 5 na jira fiye da rabin awa kafin a duba aikina, mai ciwo yana kan kujera, da za a sa mai taimaka masa da safe" magana ce da shugaban sashe zai iya ɗauka. Yabo ma haka: "ta sa na faɗi shirina kafin kowane aiki, a ci gaba da haka." Kada ka sa sunan mai ciwo, kada ka kawo abin da aka ba ka labari ba ka gani ba, kuma kada ka cike a ranar da aka ba ka makin jarrabawa, ko ka ci ko ka faɗi.

Mu takwas ne a rukuni, malam ya san rubutun kowa. Ina sirrin yake?

Tsoron nan yana da tushe, ba zan ce maka babu ba. Tsarin da ya dace shi ne malam ya fita lokacin cikewa, wani daban ya karɓa, a buga rubutun da kwamfuta, a haɗa na rukunoni da yawa, kuma kada ya gani sai bayan ya miƙa makinku. Kuna da damar tambayar ko haka ake yi, ta bakin wakilin aji ba mutum ɗaya ba. Idan ba haka ake yi ba, ku zauna ku fitar da magana uku ko huɗu da kowa ya yarda da su, ku miƙa da sunan rukuni.

Idan abin ya wuce batun maki fa?

Neman ɗaliba da barazanar kayar da ita, karɓar kuɗi don sa hannu a littafi, duka, barin ɗalibi ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa ba kowa a kusa, amfani da kayan da ba a dafa ba: waɗannan ba na takardar ƙarshen zango ba ne. Rubuta rana da lokaci da wanda ke wurin, ka kai wa shugaban sashe ko shugaban tsangaya, kada ka je kai kaɗai. Ɗalibai mata, ku nemi malama ko babbar ma'aikaciyar da kuka amince da ita ta raka ku. Abin da ya shafi lafiyar mai ciwo kuwa a ranar ake faɗa.

Istaj ɗin hutu kawai nake yi, ba wanda ya ba ni takarda. Yaya zan yi?

Sayi ƙaramin littafi. Kullum ka rubuta kwanan wata, lambar haƙori, abin da aka yi, ko kallo ka yi ko da hannunka, wa ya tsaya a kanka, da gyaran da aka yi maka. Ba sunan kowa. Bayan wata guda littafin da kansa zai nuna maka ko ana koya maka ko kana riƙe fitila ne kawai, kuma idan ka koma makaranta ka samu abin da za ka gwada koyarwar can da shi.

Ranar ƙarshe ka nemi minti goma wurin likitan. Fara da godiya, ka tambaye shi abu ɗaya da ya kamata ka gyara, sannan in ka ga fuska ka faɗi naka. Ni yanzu da kaina nake tambaya. Wata ɗaliba ta daɗe tana murza gefen hijabinta kafin ta ce, "Dokta, Allah ya ba ka haƙuri, idan kana nuna aiki a turmin sama kafaɗarka tana rufe bakin, muryarka kawai muke ji." Shekaru ina haka, ɗalibai suna gyaɗa kai, ba wanda ya faɗa. Tun daga ranar nakan tsayar da ɗalibi ta wajen kan mai ciwo, in karkata madubin, ba na fara aiki sai ya ce mini ya ga haƙorin.